Mu shiga da yara gidan abincin manya a Disney, ko a bar su a ɗaki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa kai yara Disney World, wurin shaƙatawar nan na Orlando a jihar Florida ta Amurka. Za mu je a watan Agusta in Allah ya yarda, kafin a koma makaranta. Mu shida ne: ni, Baban Ilham, Hajiyarsa da ta zo mana daga Kano, sai yara uku. Ilham shekararta 11, Walid 6, auta Hanif bai cika 3 ba. Maigidan ya ƙwallafa rai a kan wani gidan abinci, California Grill, da ke hawa na 15 a otal ɗin Contemporary. Wai kana zaune a tebur kana hango wasan wutan da ake yi a filin wasan Magic Kingdom. So yake mu kama tebur na ƙarfe 8 na dare don wutar ta same mu a can. Ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa, don na san 'ya'yana. Ana kai yara irin wuraren nan kuwa, ko ido za a zuba mana?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ana kai su mana, babu mai kallonku. Wurin na Disney ne, har kujerar jarirai da jerin abincin yara gare su, kuma duk daren da kika shiga sai kin ga yara a tebura. Wanda ya hana ƙanana kai tsaye shi ne Victoria & Albert's da ke otal ɗin Grand Floridian, tun 2008 suka ce ɗan ƙasa da shekara 10 ba ya shiga. Monsieur Paul na ɓangaren Faransa a filin wasan EPCOT ma ya bi sahunsu. California Grill kam ƙofa a buɗe take.

Ƙarfe 8 ɗin ne ban yarda da shi ba. Kin san Agustan Florida kuwa? Ku fito tun sassafe, rana ta buɗe da zafi mai gumi har riga ta manne wa jiki, ku yi ta bin layi, da la'asar hadari ya haɗo a tsuge da ruwa, ku fake, ku sake fitowa. Yaron da ya sha wannan tun safe, shi za ki ce ya zauna a kujera daga 8 har wajen 10 ana kawo abinci zubi-zubi? Ko Baban Ilham ɗin kansa sai ya yi gyangyaɗi.

Baban Sadiq:
Kafin a kai ga maganar barci a fara yin lissafi. A Disney yaro yana tashi daga yaro ranar da ya cika shekara 10, a tikitin shiga da kuma a irin waɗannan gidajen abincin masu farashi ɗaya. Ke nan Ilham kuɗin babba za a biya mata. California Grill zubi uku ne a kan kuɗi ɗaya, lokacin da na duba wajen dala 90 babba, wajen dala 40 yaro. Manya huɗu 360, Walid 40, Hanif ya tsakuri na uwarsa. 400 ke nan. A sa haraji kashi 6.5. Sannan tunda ku shida ne, su da kansu za su ɗora tukwicin kashi 18 a takardar kuɗin, ba sai kun ga dama ba. Kun doshi dala 500 a zama ɗaya.

To ki tambayi kanki: Ilham za ta ci abincin dala 90? Sadiq ɗina yana shekarunta, duk inda muka je soyayyen dankali da kaza yake nema.

Maman Ilham:
Kai Baban Sadiq, ka sa na ajiye wayar na sha ruwa tukuna. Ilham dai tana da son ɗanɗana sabon abu, har sushi take ci. Walid ne sai makaroni da cuku.

Kawu Ɗanjuma:
Ni tsoho ne, ku yi haƙuri da ni. A gidan da na tashi yaro ba ya sa hannu a kwano ɗaya da ubansa. Akushin maigida daban, tiren yara daban, kowa ya ci da sa'anninsa, babu wanda ya takura wani. Yanzu an ɗauki yaron goye a kai shi inda manya suka biya maƙudan kuɗi don su samu natsuwa, ya yi kuka a ce ba shi da tarbiyya. Shi me ya sani? Ba shi ya kai kansa ba. A ba yara abin da suke so da wuri, a kwantar da su, manya su je su ci nasu.

Ummu Haidar:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma tiren yaran nan da kuke magana ai shi ma makaranta ne. A nan ake koyon cin gabanka, a nan babba ke raba nama ƙarami ya jira, wanda ya yi zarin loma a buge masa hannu. Mu da muke nan 'ya'yanmu ba su da wannan tiren. Babu 'yan uwa goma a tsakar gida. Teburinmu shi ne kaɗai wurin da za su koya. In kullum aka ce sai sun girma, ranar da suka girma za ka ga saurayi ɗan shekara 15 da bai iya gaishe da mai kawo abinci ba, bai iya zama minti ashirin babu waya a hannu ba. Ni nawa tun suna ƙanana nake shiga da su ko'ina, kuma wallahi har yaba su ake yi.

Anti Bilki:
Ummu Haidar, gaskiya kika faɗa, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan koyon a gida ake yinsa, da ƙananan gidajen abincin unguwa inda in abu ya ɓaci asarar dala 40 ce. Maman Ilham tana da sauran lokaci kafin Agusta. Ta fita da su sau ɗaya a mako ko biyu, wurin da ake zama a jira abinci, ta ga iyakar zaman Hanif da idonta.

Amaryar Bana:
Bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren, tunda duk masu yara ne ke magana. Ni da angona mun je Orlando, muka tara kuɗi don dare ɗaya tak na gidan abinci mai tsada. Ba zan faɗi sunan wurin ba don ba laifinsu ba ne. Na ci kwalliya, har lalle na sa aka yi mini kafin tafiyar. Teburin da ke kusa da mu aka jingina wa yaro kwamfutar hannu da kwalbar ruwa, aka ƙure ƙara, waƙar yara ɗaya tana ta maimaita kanta. Yayansa kuma ya mayar da tsakanin tebura filin tsere, har ya taka mini gefen riga. Uwar tana danna waya, uban yana yanka nama, ko ɗaga kai ba su yi ba. Muka ci muka tashi ko hira ba mu yi ba. Don Allah in za ku kai su ku tuna akwai wanda shi ma kuɗinsa ya biya.

Ummu Haidar:
Amarya, ki yi haƙuri, amma wanda ya je Disney ya ce ba ya son jin muryar yaro ai shi ya ɓata hanya. In shiru kike nema ga Victoria & Albert's can, da tauraron Michelin ɗinsu, lambar yabon girki, da suka samu a 2024, ki biya dala ɗari uku ɗinki ki zauna awa uku babu mai taka miki riga.

Amaryar Bana:
Anti, ban ce ba na son yara ba fa. Akwai wasu yaran a wani teburin, suna dariya suna zane da fensir mai launi, har hannu na ɗaga musu. Ƙarar na'ura da guje-guje nake magana. Kuma don ba ni da dala ɗari uku sai a ce ban cancanci cin abinci cikin natsuwa ba?

Ummu Haidar:
Allah ya kawo naki masu albarka, za mu sake wannan hirar.

Mai kula da zaure:
Amin, amma a sassauta. Shawara aka nema.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na yi aikin kai abinci tebur a wani babban gidan abinci a Orlando lokacin ina karatu, bari in faɗa muku yadda abin yake daga wajenmu.

Yaron da ke yawo a ƙasa shi ne tsoronmu. Kana ɗauke da babban tire a kafaɗa, faranti huɗu ko biyar da suka fito daga wuta, ba ka ganin abin da ke daidai gwiwarka. In ya sha gabanka, ko dai ka zube a ƙasa ko miya mai zafi ta sauka a kansa. Wanda ke zaune yana surutu ko yana zubar da shinkafa ƙarƙashin kujera bai dame mu ba ko kaɗan, tsintsiya ce kawai. Kuka ma kowa yana ɗauke kai a farkonsa. Abin da ke sa teburan gefe su fara kiranmu suna raɗa shi ne su ga iyayen sun yi kamar ba su ji ba. Da zarar uba ko uwa ta miƙe ta saɓa yaron ta fita, sai ka ga mutanen da suka haɗe rai suna yi mata murmushi.

Sai dabaru. Kuna zama ku ce a kawo na yara tare da zubin farko, kada a jira na manya. Ku ce a kawo burodi nan take. Ku nemi tebur na gefe ko lungu, yaro ya zauna ta jikin bango. In kun ga auta ya fara murza ido, ku ce a naɗe muku kayan zaƙin ku tafi da shi, a kawo takardar kuɗi. Babu mai jin haushi, kullum ana yi. Kuma teburan ƙarfe 5 zuwa 6 kusan duk na masu yara ne, ɗakin girki bai cika ba, abinci yana fitowa da sauri. Daga 7 da rabi zuwa sama ne masoya da masu bikin cikar aure ke shigowa, jira kuma ya ƙaru.

Na ƙarshe, tukwici. Albashin mai kai abinci a Florida ƙasa yake da na sauran ma'aikata, don an ɗauka tukwici zai cike. In yaranku sun yi kaca-kaca da wurin, ku ɗan ƙara wani abu a kai.

Maman Ilham:
Allah ya yi maka albarka ƙanena. To amma in mun ci ƙarfe 5, wutar fa? Ita ce dalilin zuwan gaba ɗaya. A Agusta sai ƙarfe 9 ko bayan haka ake yinta.

Anti Bilki:
Ki adana rasit ɗinki. Wanda ya ci abinci a California Grill a wannan daren yana iya dawowa ya nuna rasit a ƙasa, a hau da shi barandar kallo lokacin wutar. Har sautin kiɗan da ake sa wa a Magic Kingdom suna sakowa a can. Ke nan ku ci da wuri, ku sauko, ku hau jirgin nan mai dogo ɗaya da ke ratsa cikin otal ɗin ku zaga da yara, ku yi magariba, sannan mai sauran ƙarfi ya koma sama. Ki dai sake tambaya ranar da kuka je don ki tabbatar ba a canza ba.

Kuma ranar kada ku wuni a filin wasa. Ku dawo masauki da azahar, a yi wanka, kowa ya yi ƙailula har Hajiya. Ƙailular nan ita ce rabin nasarar.

Malama Asabe:
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Kuna ta lissafin kujera da agogo, me za a ci? Irin waɗannan wuraren sun fi kowa zuba giya a miya da sa naman alade a inda ba ka zata ba. Misali miyar cukun nan da ake rububi a Le Cellier, ɓangaren Kanada a EPCOT, da giya da naman alade ake yinta. A ido kuwa miya ce kawai, yaro zai sa cokali. Romon da ake zuba wa gasasshen nama ma sau da yawa da jan giya ake haɗa shi. Har wake da ganye wani lokaci da alade ake ɗanɗana su.

Ɗan Damagaram:
Malama ta yi gaskiya. Amma a nan babban gidan abinci ya fi na tsaye sauƙi, don a lokacin ake girka kowane faranti. Ki rubuta buƙatarki tun wajen kama tebur, ki maimaita wa mai kawo abinci, in da hali ki ce kina son ganin shugaban masu girki. A Disney sun saba, yakan fito har tebur ya bi jerin abincin da ke ɗaya bayan ɗaya. Ki ce masa babu alade, babu giya ko a cikin miya. Kada ki tsaya a kan alade kawai, don su a wurinsu giyar girki ba a ƙirga ta. Naman halal kuwa sai an nema tun kafin ranar, ba a zuwa a tambaya a tebur. In bai samu ba ga kifi.

Malama Asabe:
Sai kuma zama da yara a inda teburan gefe ke shan giya. Ni wannan ma yana cikin abin da ke sa in fi son cin rana.

Baban Sadiq:
Malama, in wannan ne kuwa da rana ma sha suke yi, musamman a EPCOT.

Maman 'Yan Biyu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, akwai tambayar da ba a yi ba. An ce in Hanif ya fara kuka a fita da shi. Wa zai fita da shi?

Don na san yadda ake yi. Maigida ne ya ga hoto ya ce a je. An je, an kawo zubi na biyu, auta ya banƙare. Uwa ce za ta miƙe. Ta yi ta zarya a gaban lif da yaro a kafaɗa, takalmi mai tsini yana cin ƙafarta, ta dawo naman dala 90 ya huce, mai ya daskare a kai. A mota a ce kai, wurin nan ya yi daɗi, sai mun sake zuwa. Maman Ilham, kafin ki kama tebur ki zauna da Baban Ilham a yanke wannan. In shi ke son wurin, shi zai yi fitar farko. In ya ce a'a, kin san abincin ba naki ba ne, rakiya za ki yi.

Ummu Haidar:
Yau dai na yarda da wani a zauren nan ɗari bisa ɗari.

Baban Sadiq:
Haba Maman 'Yan Biyu, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni nake fita da namu.

Maman 'Yan Biyu:
A kira Maman Sadiq ta shaida.

Baban Sadiq:
Tana aiki yanzu, kada a dame ta.

Abba Texas:
Ni ban gane wahalar ba. Ba da Hajiya za ku ba? A bar mata Walid da Hanif a ɗaki, ku je da Ilham ko ku biyu kawai. An rage kuɗi, an huta, kuma kun sauka daga mutum shida.

Maman Ilham:
Abba rufa mini asiri. In ɗauko uwar miji tun daga Kano, in kai ta Orlando, in bar ta a ɗakin otal da reno, ni in ci kwalliya in bi ɗanta cin abinci? Kafin mu dawo labarin ya isa Kano ya dawo. Ba ita za ta faɗa ba ma, baiwar Allah ce. Waya ɗaya za a yi da ita a ce Hajiya ina kike, ta ce ga ni da yara sun fita, shi ke nan an gama da ni a dangi.

Anti Bilki:
Abba bai yi aure ba, ku ƙyale shi. A da akwai ɗakunan reno a wasu otal-otal na Disney inda ake ajiye yara da yamma, amma an rufe su a 2018. Yanzu sai kamfanonin da ke turo mai reno har ɗaki, ana biyansu da awa. Turawa da yawa haka suke yi.

Maman Ilham:
Anti, Hanif ko wurin maƙwabciyata ba ya yarda ya zauna, balle baƙuwar fuska. Ni ma hankalina ba zai kwanta ba.

Kawu Ɗanjuma:
'Yata, ku duka kuna ta yanke wa Hajiya hukunci babu wanda ya tambaye ta. Mai yiwuwa baiwar Allah nan ba ta da abin da take so bayan isha'i irin ta miƙe ƙafa da carbinta. Mu tsofaffi sau da yawa kunya ce ke sa mu bi ku irin wuraren nan, a ajiye mana cokula uku da wuƙaƙe biyu, a kawo abu ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti, mu ce ya yi daɗi. Amma ba ke za ki tambaye ta ba. Ɗanta zai tambaye ta, ke ba kya wurin. Kuma kada ya ce mata za ki zauna da yara. Ya ce ga inda za a je, ga irin abincin, ga lokacin, yana so ta zo. Abin da ta ce da bakinta shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Kawu wannan kam sai ku. Sai dai ya nuna mata hoton abincin, don kada kunyar ta sake aiki.

Maman Nana Abuja:
Ni ina bin ku a hankali don mu ma muna shirin zuwa a hutun ƙarshen shekara. Ba wani wuri mai kyau da yaran za su ji daɗinsa su ma? Don kamar duk maganar yadda za su jure ake yi.

Anti Bilki:
Yawwa, tambayar da nake jira ke nan. Akwai Sanaa, a ɓangaren Kidani na otal ɗin Animal Kingdom Lodge. Tagoginsa manya ne kuma daidai ƙasa suke, suna kallon filin da dabbobi ke kiwo. Kina cin abinci raƙumin dawa yana wucewa, ga jakin dawa, ga manyan tsuntsaye. Yaro ba ya neman waya a wurin. Abincin na gabashin Afirka ne da Indiya, akwai shinkafa da miya mai kayan ƙamshi, ga burodinsu na naan da ake kawowa da ƙananan kwanonin miya iri-iri, daga mai zaƙi har mai yajin da zai sa ki neman ruwa. Hajiya ma za ta ga abin da ta gane. Amma da rana ake zuwa, in duhu ya yi ba abin da za ki gani sai fuskarki a gilashi. Ki je da wuri ki roƙi tebur na jikin taga, ko da za ki ɗan jira. Kuɗinsa bai kai na California Grill ba.

A babban ginin otal ɗin kuma akwai Boma, na ɗebi da kanka, babu jiran zubi. Jiko ma yana nan, amma shi irin na manya ne mai tsawon zama.

In 'ya mace gare ki mai son gimbiyoyi, akwai Cinderella's Royal Table a cikin fadar nan ta Magic Kingdom. Shi tun wajen kama tebur ake biyan kuɗin duka, kuma don hoto ake zuwa, ba don girki ba. Ni a ganina in yarinya ta wuce shekara 8 ko 9 kuɗin bai fita ba.

Baban Sadiq:
Kada kuma a manta an yarda ka shiga filayen Disney da abincinka, ban da kwalba da giya. Mu dambun nama da cincin muke cika jaka da su, ruwan ƙanƙara kuma kyauta ake bayarwa a kofi a wuraren sayar da abincin tsaye. Abin da ka tara a nan shi za ka kashe a dare ɗaya mai kyau.

Maman Nana Abuja:
To yaya ake kama teburin daga nan gida?

Anti Bilki:
Ta manhajarsu ko shafinsu. Ana buɗewa kwana 60 kafin ranar, wajen ƙarfe 6 na safe agogon Orlando. A lokacin zafinsu ƙarfe 11 na safe ke nan a Najeriya, in sun mayar da agogo baya a Nuwamba ya koma 12 na rana. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana iya kama na dukan zamansa, har kwana 10, tun kwana 60 kafin ranar saukarsa, shi ya sa wurare masu farin jini ke ƙarewa da wuri. Za a nemi katin banki. In ba ku je ba kuma ba ku soke ba, dala 10 ce a kan kowane mutum. Yawancin wuraren ana iya sokewa har awa biyu kafin lokaci, to in kin ga yara sun yi laushi da la'asar ki soke kawai. Ki sa har jariri a yawan mutane. Keken yara kuma a waje ake barinsa, kada ki sa rai zai yi barci a ciki kusa da tebur.

Abba Texas:
Kaya fa? Sai da kwat?

Baban Sadiq:
Ba sai da kwat ba a California Grill, tsaf-tsaf dai suke so, ban da kayan wanka da yagaggun kaya. Ni shadda na sa da hula. Victoria & Albert's ne ke da tsauri a kan sutura.

Maman Ilham:
'Yan uwa na dawo da rahoto. Baban Ilham ya bi shawarar Kawu, ya nuna wa Hajiya hotuna ina kicin. Da ta ga sushi ta tambaya ko an dafa kifin. Ya ce wani ba a dafawa. Ta ce hawa goma sha biyar za a hau da ita don a ba ta ɗanyen kifi? Allah ya ba ku lafiya ku je, a bar mata mijinta Hanif, su sun ƙoshi. Amma wurin raƙuman dawan nan ta ce ko da sanda sai ta je.

Yanzu ga yadda muka tsaya. Sanaa da rana, mu duka shida. California Grill ƙarfe 5 da rabi, ranar da ba za mu shiga filin wasa da yamma ba, ni da shi da Ilham. Walid ne ya rage. Ni na ce ya zauna da kakarsa, uban ya ce in aka tafi da Ilham aka bar shi zai riƙe abin a ransa har ya girma.

Ummu Haidar:
A tafi da shi. Ɗan shekara 6 da ya yi ƙailula zai zauna awa ɗaya da rabi lafiya lau. A ba shi fensir da takarda.

Kawu Ɗanjuma:
A bar shi ya taya kakarsa hira. Dala 40 ɗin a saya masa abin wasa, zai fi tunawa da shi.

Maman 'Yan Biyu:
In uban ne ya ce a tafi da shi, to an san wanda zai raka shi banɗaki sau uku.

Amaryar Bana:
In za a ba shi waya don Allah a haɗa da abin sa wa a kunne.

Anti Bilki:
Ki kama na mutum huɗu. Rage mutum ɗaya daga baya abu ne mai sauƙi, ƙarawa ce ke wuya. Ranar ki dubi idon Walid bayan ƙailula ki yanke. Wace rana kwana 60 ɗinku ke cika?

Maman Ilham:
Talata mai zuwa. Na ce Baban Ilham ya sa ƙararrawa, tunda shi ya ga hoton.